Kwanuka Ashirin da Shida, Kyanwa Uku

Kurma ba kurma ba ne. Daga tsakar gida yana jin faɗuwar cokali a hawa na uku, har ya faɗa maka a sashen wa ya faɗi. Mazauna gidan benen ne suka laƙaba masa sunan, don idan an yi masa magana kai kawai yake gyaɗawa ya ci gaba da shararsa. Da sunan ya bi shi, sai suka gaskata abin da suka ƙirƙira da bakinsu, suka riƙa gulmar juna a gabansa kamar a gaban bokiti. Shi kuwa bai taɓa gyara musu ba.

Shekararsa sittin da ɗaya. Goma sha tara daga ciki ya yi su yana goge-goge a wani asibiti, ƙarƙashin wata babbar nas da take shafa yatsa a bayan ƙofa ta duba ko akwai ƙura. A wurinta ya ɗauko ƙa'idar da ta zame masa jiki: abincin da ya kwana a buɗe ya zama shara, kwanon da aka ɓata kuma ba ya jiran fitowar rana. Da aka ba wani kamfani kwangilar tsaftace asibitin, aka sallame su su goma sha huɗu rana ɗaya. Ya yi wata bakwai a zaune kafin ya samu wannan aikin. Gidan hawa huɗu ne, sashe talatin da biyu, matakala biyu, da tsakar gida, da rumfar motoci, da durom shida na shara. Tare da aikin aka ba shi ɗaki a bayan injin ruwa, taku huɗu a tsaye, uku a kwance. Babu takardar da ta ce ɗakin nasa ne. Ranar da tsintsiya ta bar hannunsa, ranar makulli zai bar aljihunsa, kuma shi da matarsa sun san haka tun shekara goma sha ɗaya da suka shigo da katifa da keken ɗinkinta. 'Ya'yansu mata biyu sun yi aure nesa, kowacce tana cunkushe a ɗaki ɗaya da miji da yara. Babu inda za a ce a koma.

Kyanwoyin gidan uku ne. Akwai wata fara mai guntun bindi, da wani muzuru mai ido ɗaya, da wata baƙa da ba ta yarda da kowa. Tun kafin wani ya tuna da su suke harkarsu. Da safe suna bayan shagon mai kifi a tsallaken titi, inda ake zubar da kawuna da kayan ciki, da yamma kuma suna gindin durom suna kamun ɓeraye. Ba su taɓa kai wa kowa ƙarar yunwa ba.

Shekara biyar da suka wuce, matar Injiniya, mai sashe na goma sha biyu, ta ga wani bidiyo a waya. Ta sauko da kwanon ragowar shinkafa da miya mai barkono, ta ajiye a gindin katanga bayan rumfar motoci. Ta ɗauki hoton kwanon, ta ɗauki hoton kanta kusa da kwanon, ta hau sama. Farar kyanwar ta zo ta shinshina, ta yi atishawa, ta yi gaba. Ƙarfe biyar na safe Kurma ya iske shinkafar ta yi baƙi da kiyashi. Ya juye ta a durom, ya wanke kwanon da soso da sabulu a famfon wankin mota, ya mayar da shi inda ya same shi, tunda ba nasa ba ne.

Ƙarfe bakwai matar Injiniya ta sauko ta ga kwano yana ƙyalli. Kurma yana tsaye taku biyar daga gare ta da tsintsiya a hannu.

"Wayyo bayin Allah!" ta ce, hannu a ƙirji. "Sun lashe shi tas! Ashe haka suke kwana da yunwa, mu muna sama muna barci?"

Ya buɗe baki zai yi magana. Ya dubi fuskarta, ya ga irin murnar da mai son ɗakinsa ba ya katsewa. Ya gyaɗa kai.

Cikin mako guda kwanuka suka zama biyar, don matar mai kemis ba za ta zauna a ce matar Injiniya ta fi ta tausayi ba, kuma duk wadda take gaisawa da matar mai kemis sai ta bi sahu. Kafin shekara sun kai ashirin da shida, a jere kamar masu jiran biza. Kowacce ta rubuta lambar sashenta da jan farce a bakin kwanonta, kada ladan ya ɓace ya faɗa gidan maƙwabciya. Abin da ake zubawa a ciki kuwa, duk abin da firij ya gaji da shi ne: taliyar da ta kwana huɗu, ganyen kabeji, burodin da ya yi hunhuna, madarar da ta tsinke, ruwan shayi har da jakar ganyensa. Wata rana an ajiye rabin kek da kyandir a jikinsa. Sadaka ce da mai ita ya riga ya shinshina ya yamutsa fuska. Kyanwoyin uku sukan bi layin su tsinci ƙashin kaza idan an yi sa'a, sauran kuma ɓeraye su yi ta biki a kai har Kurma ya fito. Ɓerayen suka yi ƙiba, har muzurun ya fara kauce musu hanya. Da suka fara cin wayoyin motoci, kwamitin mazauna ya sayo gwangwanin maganin ɓera ya ba Kurma. Ya ajiye shi a sito bai buɗe ba, don ya san kyanwar da ta ci ɓeran da ya ci guba ita ma ta tafi.

Matar Injiniya ce ta ƙidaya kyanwoyin, daga kan kujerar falonta. Ta ce kyanwa ɗaya ba za ta iya tashi da kwano guda ba, sai aƙalla biyu. Kwano ashirin da shida, kyanwa hamsin da biyu ke nan. Aka rubuta a zauren da suka buɗe a waya, kowa ya tura alamar tafi, daga baya aka kafa allo a jikin katanga mai cewa kyanwoyinmu hamsin da biyu suna godiya. Da wani baƙo ya tambaya me ya sa uku kawai ake gani, aka ce masa kyanwa dabba ce mai kunya, waɗannan ukun ne marasa ta ido. Babu wadda ta taɓa tambayar yadda harshen kyanwa yake barin ƙanshin sabulu.

Minti arba'in wannan aikin yake ci wa Kurma kowace safiya, kuma ba a ƙara masa komai ba, tunda a wurin masu gidan, aikin ba ya nan. Mutum biyu ne suka sani, matarsa da maigadi. Maigadin yakan leƙo daga bakin get yana kurkure baki, ya tsokane shi da adadin kyanwoyin da babu.

"Arba'in da Tara, an tashi lafiya? Yau me aka dafa muku?"

"Kabeji ne. Zo ka taya mu, ai kai ma bindi kawai ka rasa."

"A'a, ni ba na cin rabon marayu."

A bara yanar ido ta rufe masa idon hagu. Ya daure har sai da ya fara share inuwar sanda yana barin takarda a ƙasa, sannan ya je asibitin ido aka yi masa aiki. Likita ta ja masa kunne: mako biyu ba sunkuyo, ba ɗaukar kaya, ba shiga ƙura. Lauya, shugaban kwamitin mazauna, ya ba shi kwana goma, da sharaɗin kada a ga datti a matakala. Matar Kurma ta rufe keken ɗinkinta ta ɗauki tsintsiya. Ta share matakala, ta share tsakar gida, ta ja durom zuwa bakin titi. Kwanukan ne ta ce ba da ita ba.

"Ke dai ki taimaka," ya ce daga kwance, bandeji a ido. "Minti arba'in ne."

"Malam, na yarda in share wa mutane. Amma ban lalace ba da zan wanke wa kyanwar da ba a haifa ba kwano. Shekara huɗu kana yi wa matan nan bauta suna yi wa kansu guɗa. Bari su ga abinsu da idonsu, mu huta. Ramin ƙarya ƙurarre ne."

"Ba ki san su ba."

"Ai ba makafi ba ne."

Rana ta farko aka iske kwanuka cike. Matan suka ce wataƙila zafi ne ya hana bayin Allah ci, suka juye sabon abinci a kan na jiya. Rana ta uku wari ya kai hawa na biyu, ƙudaje suka rufe allon godiya, ɓeraye suka fito da rana tsaka suna tafiya kamar masu haya. Kowane kwano da lambar mai shi a jiki, amma babu hannun da ya sauko ya ɗauki nasa. A maimakon haka waya ta ɗauki zafi. Ina kyanwoyinmu? Wa ya ga ko ɗaya daga cikin masu kunyar? Rana ta huɗu wata ta rubuta kalmar guba, kafin azahar kuma magana ta zauna daram. Wa yake riƙe da makullin sito inda maganin ɓera yake? Wa ba a taɓa ganin ya yi wa kyanwa murmushi ba? Wa ya kwanta jinya daidai lokacin da abin ya faru? Aka aiko maigadi ya ce ana neman Kurma ranar Asabar da la'asar.

Da maigadi ya fita, Kurma ya daɗe yana kallon rufin ɗaki da idonsa ɗaya. Idan ya yi shiru, ya kashe kyanwa arba'in da tara. Idan ya yi magana, ya zubar da sadakar gida ashirin da shida har shekara huɗu. Gaba kura, baya siyaki.

"Ka faɗi gaskiya kawai," matarsa ta ce, amma muryarta ba ta kai ta ranar farko ƙarfi ba. "Ai akwai lauya a cikinsu."

A rumfar motoci aka jera kujerun roba, nesa da katanga gwargwadon yadda wuri ya bari. Mata sun toshe hanci da hankici, maza uku da aka janyo dole suna duba agogo. An ajiye gwangwanin maganin ɓera a kan tebur. Kurma ya zo da baƙin tabarau, matarsa tana riƙe da gwiwar hannunsa. Ba a ba su kujera ba.

Lauya ya matso, ya buɗe murya kamar mai kiran mota. "BABA! KANA JI NA?"

"Ina ji, ranka ya daɗe. Ba sai ka wahalar da maƙogwaronka ba. Kunnena lafiya lau yake."

Matar mai kemis ta saci kallon matar Injiniya, ta tuna abin da ta faɗa a kanta a matakala makon jiya, da wanda yake goge ƙarfen matakalar a lokacin. Ba ita kaɗai ta yi irin wannan tunanin ba. Kafin a fara shari'a, Kurma ya riga ya ƙara wa kansa laifi.

Lauya ya gyara murya, ya tambaye shi abin da ya sani game da kyanwoyin.

"Kyanwoyin gidan nan uku ne," in ji Kurma.

Matar Injiniya ta miƙe zumbur. "Kun ji ko? Da bakinsa! Saura uku! To ina arba'in da tara, azzalumi?"

"Hajiya, dama can uku ne. Ga su can a kan katanga. Abincin nan ba sa ci. Ni nake zubarwa kullum ƙarfe biyar, in wanke kwanukan in mayar. Tun kwanonki na farko. Ga gwangwanin nan kuma, ku duba, ko buɗe shi ba a yi ba."

"Gwangwani ai ana sayen wani a maye gurbi," in ji matar mai kemis, wadda ta san harkar. "Wato Baba, so kake ka ce mu duka nan mahaukata ne? Mu ashirin da shida?"

"Ni da idona na ga kwano an lashe shi!" in ji matar Injiniya. "Ya kashe su bai ishe shi ba, yanzu so yake ya ce ba a taɓa halittarsu ba. Kai, wannan tsoho Allah ya isa!"

Matar Kurma ta ce a tambayi maigadi. Aka kira shi. Ya zo yana murza hula a hannu, bai dubi inda Kurma yake ba.

"Ni, Yallaɓai, ƙofa aka ɗauke ni in kalla. Abin da yake bayana ban sani ba."

Lauya ya juya wajen katanga. Ya dubi layin kwanukan da tsutsa take motsi a ciki, ya dubi kyanwoyi uku da suke miƙe a kan katanga, cikinsu cike da kifin tsallaken titi. Ba wawa ba ne, ya gane sarai. Amma kwano mai lamba uku na matarsa ne, tana zaune a sahun gaba, kuma watan gobe ake zaɓen kwamiti. Ya matso kusa da Kurma, ya yi magana a hankali, yana kallon baƙin tabarau ɗin.

"Baba, ba za mu ja magana ba. Idan kyanwoyin nan suka dawo suka ci abincinsu kafin Litinin, shi ke nan, babu wanda ya kashe kowa. Idan ba su dawo ba, ka kawo mini makullin ɗaki. Ka fahimce ni?"

Kurma ya gyaɗa kai.

A ɗaki matarsa ta zauna a bakin katifa ta rasa inda za ta sa hannunta. "Na ɗauka in sun gani za su ji kunya," ta ce.

"Ai sun ji. Shi ya sa."

Ƙarfe biyar na safiyar Lahadi ya sauko da ƙafafunsa yana laluben takalmi. Kwana shida ke nan da aikin ido. Matarsa ta tare ƙofa ta ce ya koma ya kwanta, ita ta jawo, ita za ta yi. Ya ce ta je ta duba tukuna. Ta je ta duba ta dawo. Abincin kwana shida ya daskare a kwanuka kamar siminti, ya malala ƙasa, ga shi ƙarfe shida da rabi mazaunin farko yake saukowa. Mutum ɗaya ba zai gama ba. Suka raba aikin: ita a famfo da soso, shi a gindin katanga yana sunkuyo yana kankarewa da guntun ƙarfe, yana tura baro zuwa durom. Can sai ga maigadi da tocila. Ya tsaya yana haska musu, fuskarsa a wajen get.

"Ni dai ban ga komai ba," ya ce.

"Mun sani," in ji matar Kurma. "Ka faɗa jiya."

A kwano na goma sha tara Kurma ya ji kamar an soka masa allura a cikin idon. Ya dafa katanga har abin ya lafa, sannan ya ɗauki na ashirin. Shida da kwata kwanuka ashirin da shida suna jere suna ƙyalli, an wanke ƙasa, an goge allon godiya.

Daga ɗaki suka ji ihun matar Injiniya ƙarfe bakwai. "Sun dawo! Wallahi sun dawo! Ku sauko ku gani!" Aka yi ta hotuna. Wata ta ce dama lokacin barbararsu ne, sukan yi tafiya. Wata ta ce addu'a ce. Yadda kyanwa ta cinye ruɓaɓɓen abincin kwana shida har ta wanke siminti, wannan babu wanda ya ga abin tambaya a ciki. Ranar Litinin Lauya ya wuce ta gaban ɗakin ya ce magana ta wuce, bai tsaya ba. Da yamma matar Injiniya ta zo da kanta har bakin ƙofa, abin da ba ta taɓa yi ba, riƙe da kwano a rufe.

"Baba, mun yafe maka. Na san zafin aikin ido ne ya sa ka sambatu ranar nan. Ga wannan ka ɗan taɓa."

Da ta tafi matar Kurma ta buɗe. Taliya ce, ta kwana uku ko huɗu. Ta juye a durom, ta wanke kwanon tas, ta hau har hawa na biyu ta mayar.

"Har ya cinye?" in ji matar Injiniya, cike da murna.

"Ya lashe, Hajiya."

Da ya koma asibiti, likita ta haska idon ta daɗe tana dubawa, sannan ta ajiye fitilar. Ta tambaye shi ko ya sunkuya. Ya ce kaɗan. Ta ce ɗinkin ya motsa, ƙwayar cuta ta shiga, za a yi abin da za a iya. An yi. Yanzu idon hagu yana bambance haske da duhu, yana ganin mutum kamar ta bayan labule, iyakarsa ke nan.

Murnar dawowar kyanwoyi ta jawo gida biyar da a da ba sa ajiye komai. Kwanuka sun zama talatin da ɗaya, an sake fentin allo ya koma sittin da biyu, aikin safe ya kai minti hamsin. Baƙar kyanwar mota ta take ta a watan da ya wuce, Kurma ya binne ta a bayan injin ruwa, babu wanda ya lura an ragu. Mazauna gidan har yanzu Kurma suke kiransa, sai dai idan sun hango shi a matakala sukan yi shiru har su wuce. Makullin ɗaki yana aljihunsa.

Idon dama ma ya fara yana. Likita ta ce gara a yi aikin da wuri, tunda shi kaɗai ya rage, amma wannan karon sai ya yi alkawarin mako biyu cur ba sunkuyo. Ta ba shi takarda ya zaɓi rana. Wata uku ke nan takardar tana ninke a ƙarƙashin keken ɗinki.